William Jennings Bryan (1860–1925): Jagoran Talakawan Amurka da Shari'ar Malamin Makaranta

Duk malamin da aka tura koyar da ilmin halittu a babbar sakandare, a Bunkure ne ko a Kura ko a cikin birnin Kano, idan ya kai ɗalibansa ajin ƙarshe zai tarar da babin da ke magana a kan ra'in Darwin na rikiɗar halitta. Babin yana cikin manhaja, kuma yana cikin abin da hukumomin WAEC da NECO ke yi wa ɗalibai tambaya a kai. Su kuwa yaran da ke zaune gabansa, tun suna makarantar allo suka san labarin halittar Annabi Adamu. A nan ne tambaya ke tasowa game da wanda ke da ikon faɗa wa malami abin da zai koyar: iyayen yara, ko gwamnatin da ke biyan sa, ko kuwa masana fannin. A ƙasar Amurka an taɓa kai wannan magana gaban alƙali a shekarar 1925, aka gurfanar da wani matashin malami saboda darasin da ya bayar. Fitaccen mutumin da ya tsaya a ɓangaren masu ƙara shi ne William Jennings Bryan, wanda sau uku yana neman shugabancin ƙasar. Sai an bi rayuwarsa tun daga tushe ake gane abin da ya kai shi wannan kotu, domin ba ta hanyar da mutane da yawa ke zato ya isa can ba.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Bryan ranar 19 ga Maris, 1860, a garin Salem na Jihar Illinois, wata huɗu kacal bayan da Charles Darwin ya fitar da littafinsa a kan asalin jinsunan halittu a Landan. Mahaifinsa, Silas Bryan, lauya ne kuma alƙali, mai gona, mai riƙo da addinin Kirista, kuma ɗan jam'iyyar Democrat na gani-kashe-ni. Mahaifiyarsa, Mariah, ita ce ta koyar da shi karatu a gida har ya kai shekara 10 kafin ya shiga makaranta. Yana da shekara 14 ya halarci wani taron wa'azi wanda ya ratsa shi, ya shiga ɗarikar Presbyterian, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana ɗaukar wannan rana a matsayin mafi girma a gare shi.

Ya kammala Kwalejin Illinois a 1881, sannan ya yi karatun lauya a Chicago ya gama a 1883. A 1884 ya auri Mary Baird, mace mai ilmi, wadda ita ma daga baya ta karanci shari'a ta zama lauya, ta riƙa taya shi bincike da tsara jawabansa. Aikin lauya bai karɓe shi sosai a Illinois ba, saboda haka a 1887 ya yi ƙaura zuwa garin Lincoln na Jihar Nebraska, ƙasar manoman alkama da masara. A can ne ya gano baiwar da Allah ya yi masa, wato murya. A zamanin da babu lasifika, yakan tsaya gaban dubban mutane a fili na ƙarshensu ya ji shi sarai.

Siyasarsa da manoma

A 1890 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta ƙasa, aka sake zaɓen sa a 1892. Babbar maganar siyasa a wancan lokaci ita ce ta kuɗi. Dalar Amurka tana ɗaure da zinariya, wato yawan kuɗin da ke yawo a hannun jama'a ya dogara ne da yawan zinariyar da ake da ita. Jama'a suna ƙaruwa, gonaki suna faɗaɗa, amma zinariya ba ta ƙaruwa da wannan sauri. Sai kuɗi suka yi tsada, farashin alkama da masara da auduga ya yi ta sauka shekara da shekaru. Manomin shinkafa na yankin Bunkure wanda ya taɓa karɓar taki bashi a lokacin da buhu biyu ke biya, ya zo biya ya ga sai ya sayar da buhu huɗu, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane halin da manoman Nebraska suka shiga. Mai bin bashi yana ƙara ƙiba ba tare da ya ɗaga fartanya ba, wanda ake bi kuwa gonarsa ce ke salwanta. Bryan yana cikin waɗanda suka ce a buɗe ƙofa a riƙa buga kuɗi da azurfa tare da zinariya, awo 16 na azurfa daidai da awo 1 na zinariya, domin kuɗi su yawaita, bashi ya yi sauƙin biya.

Ranar 9 ga Yuli, 1896, a babban taron jam'iyyar Democrat a Chicago, ya yi jawabin da ya sauya rayuwarsa. Ya kāre manomi da ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa, ya nuna cewa birane a kan gonaki suka dogara, ya rufe da kwatanta tsarin zinariya da gicciyen da ake son rataye 'yan Adam a kai. Wakilai suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga da shi, washegari kuma suka tsai da shi ɗan takarar shugaban ƙasa yana da shekara 36. Abokin karawarsa, William McKinley na jam'iyyar Republican, ya zauna a gidansa jama'a suna zuwa gaishe shi, manyan masu masana'antu da bankuna suna zuba masa kuɗi. Bryan kuwa jirgin ƙasa ya hau, ya yi tafiyar kimanin mil 18,000, ya yi jawabi kusan 600. Duk da haka haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba: ya sami ƙuri'a kimanin miliyan 6.5, McKinley ya sami sama da miliyan 7.

Ya sake tsayawa a 1900, a wannan karo yana sukar yadda Amurka ta mamaye tsibiran Filifin, yana cewa ƙasar da ta ƙwaci kanta daga mulkin mallaka bai dace ta mallaki wasu ba. McKinley ya sake kayar da shi. A 1908 kuma William Howard Taft ya kayar da shi. Tsakanin waɗannan zaɓuɓɓuka ya kafa jarida mai suna The Commoner a 1901, sunan da ke nufin talaka. Ya zaga duniya a 1905 zuwa 1906, ya dawo yana sukar mulkin Ingila a Indiya.

Abin lura shi ne, ko da yake bai hau kujerar ba, manufofinsa da dama sun zama doka yana raye. A 1913 aka shigar da harajin samu cikin tsarin mulki, aka kuma ba jama'a ikon zaɓen 'yan Majalisar Dattawa kai-tsaye. A 1919 aka amince da haramta sayar da barasa, a 1920 kuma mata suka sami 'yancin jefa ƙuri'a. Duk waɗannan ya yi musu yaƙi. Mai karatu zai iya tunawa da Malam Aminu Kano, wanda shi ma bai mulki ƙasa ba, amma ya jingina kāre talaka da nassin addini har maganarsa ta zama ta kowa. Sai dai kamar ba ta kai ko'ina ba, domin akwai talakawan da idon Bryan bai gani ba. Bai tsaya wa baƙaƙen fatar kudancin Amurka da aka hana ƙuri'a ba, tun da jam'iyyarsa da fararen wannan yanki ta dogara. A taron jam'iyyar na 1924 ma ya tashi ya hana a ambaci ƙungiyar Ku Klux Klan da suna a la'ance ta. Wannan tabo ne da masu yabonsa ba su iya wankewa ba.

Ministan harkokin waje

Bryan ya taimaka wa Woodrow Wilson ya sami takara a 1912, shi kuma ya saka masa da muƙamin Sakataren Harkokin Waje a 1913. Jakadun ƙasashe sun yi mamaki da suka ga ana zuba musu ruwan inabi marar sa maye a liyafarsa, domin bai taɓa shan giya ba kuma bai yarda a sha a teburinsa ba. Ya ƙulla yarjejeniya da ƙasashe 30 cewa idan saɓani ya taso za a miƙa shi ga masu bincike a dakata shekara guda kafin a ɗauki makami. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya dage kada Amurka ta shiga. A watan Mayu na 1915 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da jirgin fasinja na Ingila mai suna Lusitania, mutum kusan 1,200 suka mutu, 128 daga cikinsu Amurkawa. Wilson ya aika wa Jamus takardu masu zafi. Bryan ya ga wannan hanya yaƙi za ta kai, saboda haka a watan Yuni ya ajiye aiki. Wannan yaƙi ne ya juya hankalinsa zuwa ajin makaranta.

Abin da ya haɗa shi da Darwin

Ya kamata a fara fahimtar abin da ra'in ya ƙunsa. Darwin ya lura cewa 'ya'yan kowace halitta ba su zama daidai da juna, kuma ana haihuwar fiye da waɗanda za su rayu. Waɗanda siffarsu ta fi dacewa da muhallinsu su ne suka fi rayuwa su hayayyafa, su gadar wa zuriyarsu wannan siffa. Idan aka daɗe ana wannan tankaɗe da rairaya, sai jinsin ya sauya. Manoman tumatir na Kadawa sun ga ƙaramin misalin haka da idonsu. Maganin feshin da ke kashe tsutsa a shekarun farko yakan zo ya daina aiki, saboda 'yan kaɗan da jikinsu ya jure su ne suka saura suka yi ƙwai, har zuriyarsu ta cika gona. Tsutsar Tuta absoluta, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da wasu jihohi a 2016, ta yi suna wajen irin wannan juriya. A kan wannan mataki babu mai jayayya. Inda gizo ke saƙar shi ne faɗin Darwin cewa a tsawon miliyoyin shekaru wannan hanya ce ta fitar da jinsunan halittu daga tushe ɗaya, kuma a littafinsa na 1871 ya shigar da ɗan Adam cikin lissafin. Bai ce mutum daga birin da ake gani a yau ya fito ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Cewa ya yi kakansu na can nesa ɗaya ne. A yau mafi rinjayen masana ilmin halittu sun karɓi wannan ra'i, kuma binciken ƙwayoyin gado ya ƙarfafa shi a wurinsu, alhali malaman addinai sun rabu a kan yadda za a fahimce shi, musamman game da asalin mutum.

Wannan rabuwa ta girmi gwagwarmayar Bryan. A 1881 Jamaluddin al-Afghani ya yi wa ra'in raddi mai kaushi. A 1882 wani malami Ba'amurke, Edwin Lewis, ya rasa aikinsa a kwalejin 'yan mishan ta Beirut saboda ya ambaci Darwin da alheri a jawabin yaye ɗalibai, har ɗalibai suka yi bore. A 1888 kuwa Shaihu Husain al-Jisr na Tarabulus ta ƙasar Sham ya rubuta cewa hujjojin ra'in ba su kai yaƙini ba, amma ko da sun kai ba za su rushe imani da Mahalicci ba, domin Mai halitta a lokaci guda yana da ikon halitta mataki-mataki.

Shi Bryan ba ta ƙofar kimiyya ya shigo maganar ba. Tun a wajejen 1904 yake cewa yana tsoron koyarwar da ke nuna mutum ya kai matsayinsa ta hanyar mai ƙarfi ya halaka marar ƙarfi. Ya ga attajiran zamaninsa suna fakewa da ita suna cewa talaucin talaka hukuncin ɗabi'a ne, zaman duniya kashin dankali ne, babba a kan ƙarami. Bayan yaƙi ya karanta littattafai uku da suka tsananta tsoronsa. Na farko na Vernon Kellogg ne, wani masanin halittu da ya zauna da hafsoshin Jamus ya ji suna halasta yaƙi da sunan gwagwarmayar rayuwa. Na biyu na Benjamin Kidd ne, mai irin wannan zargi. Na uku na James Leuba ne, wanda ƙididdigarsa ta nuna imani yana raguwa a tsakanin ɗalibai gwargwadon daɗewarsu a jami'a. A daidai lokacin kuma makarantun sakandare na gwamnati sun bunƙasa, daga ɗalibai kimanin 200,000 a 1890 zuwa kusan miliyan 2 a 1920. Abin da a da 'yan jami'a kaɗan ke ji, yanzu ya iso ga ɗan manomi.

Daga 1921 ya fara zaga ƙasa yana wa'azi a kan haɗarin ra'in Darwin. Hujjarsa ta siyasa ita ce wadda ya riƙe tun 1896, wato ikon masu rinjaye. A ganinsa malamin makarantar gwamnati ma'aikacin masu biyan haraji ne, saboda haka ba shi da hurumin koya wa 'ya'yansu abin da suka ƙi. Idan an hana koyar da addini a makarantar gwamnati, in ji shi, to a hana koyar da abin da ke rushe shi. Tsoronsa na zaluntar raunana ba tatsuniya ba ce, domin tun daga 1907 wasu jihohin Amurka suka fara dokar hana waɗanda aka ɗauka ba su da cikakken hankali haihuwa da ƙarfin tsiya, da sunan gyara iri. Kuskurensa shi ne ya haɗa bayanin yadda halittu ke sauyawa da wa'azin waɗanda suka mai da bayanin lasisin zalunci, ya ɗaure su da igiya ɗaya. Haka kuma bai tsaya ya nazarci hujjojin masana yadda ya nazarci maganar kuɗi ba, kuma wannan giɓi ne abokan hamayyarsa suka shiga ta cikinsa.

Dokar Butler da shari'ar Dayton

A 1922 majalisar Jihar Kentucky ta yi watsi da dokar hana koyar da ra'in da bambancin ƙuri'a ɗaya tak. A Jihar Tennessee kuwa wani manomi ɗan majalisa, John Washington Butler, ya kawo ƙudurin da ya haramta wa malamin makarantar gwamnati koyar da cewa mutum ya fito daga ƙananan dabbobi, ko musanta labarin halitta na Littafi Mai Tsarki. Gwamna Austin Peay ya sa hannu ranar 21 ga Maris, 1925. Tarar da aka yanka daga dala 100 ce zuwa 500. Bryan ya ba da shawarar kada a sa tara a irin wannan doka, amma ba a bi ba.

Wata ƙungiyar kāre 'yancin jama'a mai suna ACLU ta sa sanarwa a jarida cewa za ta tsaya wa duk malamin da ya yarda a gwada dokar a kansa. Wasu manyan garin Dayton, gari mai mutum kimanin 1,800 wanda kasuwarsa ta ja baya, suka haɗu a kantin magani suka ga dama ce ta jawo baƙi. Suka kira John Scopes, ɗan shekara 24, mai koyar da lissafi da kimiyya da horar da 'yan ƙwallo, wanda ya taɓa riƙe ajin ilmin halittu na ɗan lokaci a madadin wani. Ya yarda a kama shi, ko da yake daga baya ya ce shi kansa ba shi da tabbacin ya koyar da wannan babi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne littafin da ya yi amfani da shi, A Civic Biology na George Hunter, gwamnatin jihar ce ta amince da shi. Wato hukuma ɗaya ce ta miƙa wa malami littafi ta kuma haramta masa karanta wani shafi nasa. Littafin kansa ba tsarkakakke ba ne: ya kasa 'yan Adam gida biyar ya ɗora farar fata a sama, ya kuma goyi bayan hana wasu iyalai hayayyafa.

Wata ƙungiyar Kirista masu riƙo da zahirin nassi ta gayyaci Bryan ya taimaka wa lauyoyin gwamnati, ko da yake ya yi kusan shekara 30 bai tsaya a kotu ba. Da jin haka sai Clarence Darrow, shahararren lauyan Chicago wanda bai yarda da addini ba, ya ce zai kāre Scopes kyauta. Shi wannan Darrow ya taɓa goyon bayan Bryan a zaɓen 1896. Aka buɗe shari'a ranar 10 ga Yuli gaban Alƙali John Raulston, cikin tsananin zafi. 'Yan jarida kimanin 200 suka cika garin, gidan rediyon WGN na Chicago ya watsa zaman kai-tsaye, abin da ba a taɓa yi wa wata shari'a a ƙasar ba. Masu talla suka baje kolinsu, har da masu wasa da biri.

Masu kāriya sun kawo masana domin su nuna cewa ra'in yana da hujja kuma bai zama dole ya yi karo da imani ba. Alƙali ya ƙi yarda masu taya shi yanke hukunci su saurare su, ya ce abin da ke gaban kotu kawai shi ne ko Scopes ya karya doka. Da wannan ƙofa ta rufe, ranar 20 ga Yuli, bayan an fito da zaman kotu waje ƙarƙashin itatuwa saboda cunkoso, masu kāriya suka kira Bryan kansa ya ba da shaida a matsayin masanin Littafi Mai Tsarki. Abokan aikinsa suka hana, shi kuwa ya ce ya yarda. Kusan awa biyu Darrow yana yi masa tambayoyi: a kan kifin da ya haɗiye Yunusa, da tsayuwar rana ga Yusha'u, da inda Kayinu ɗan Adamu ya samo mata, da shekarun duniya. A wurare da dama Bryan ya amsa cewa bai taɓa bincika abin ba. Da aka zo kan kwanaki shida na halitta, sai ya ce a fahimtarsa ba lalle ne su zama kwanaki masu awa 24 ba, suna iya zama zamunna masu tsawo. Wannan tsohon ra'ayinsa ne, amma ya ba wasu magoya bayansa haushi, 'yan jaridar birane kuma, musamman H. L. Mencken, suka mai da shi abin dariya. Tambayoyin ba su taɓa dokar ba ko kaɗan, kuma washegari alƙali ya sa aka share su daga rikodin kotu, amma sun riga sun zaga duniya ta wayar tangarahu.

Ranar 21 ga Yuli Darrow ya nemi a sami Scopes da laifi, domin a sami damar ɗaukaka ƙara. Da wannan dabara ya hana Bryan gabatar da dogon jawabin rufewa da ya yi makonni yana shiryawa. Cikin minti 9 aka dawo da hukunci, alƙali ya ci Scopes tarar dala 100. A duk tsawon shari'ar ba a kira malamin ya ba da shaida ba. Sai bayan an yanke masa tara ne aka tambaye shi ko yana da magana, ya ce dokar ba ta adalci ba ce kuma zai ci gaba da adawa da ita.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Bryan ya zauna a yankin yana gyara jawabin nan domin a buga shi, yana kuma yi wa taron jama'a magana a garuruwan kusa. Ya daɗe yana fama da ciwon sukari. Ranar Lahadi, 26 ga Yuli, 1925, ya je majami'a a Dayton, ya dawo ya ci abinci, ya kwanta barcin rana, bai farka ba. Ya rasu yana da shekara 65, kwana biyar bayan hukunci. An ɗauki gawarsa a jirgin ƙasa jama'a suna tsaye a tashoshi, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington, kasancewar ya taɓa zama kanar na sa-kai a yaƙin Amurka da Sifen na 1898. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku. Babbarsu, Ruth, ta zama 'yar Majalisar Wakilai, daga baya kuma wakiliyar Amurka a ƙasar Denmark.

A 1927 Kotun Ƙoli ta Tennessee ta soke tarar, saboda a dokar jihar ba alƙali ne ke da ikon yanka tarar da ta wuce dala 50 shi kaɗai ba, amma ta bar dokar Butler daram. Jihohin Mississippi da Arkansas suka yi irin tata a 1926 da 1928. Masu buga littattafai, don gudun asarar kasuwa, suka riƙa rage babin ko su cire sunansa, har sai da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan Adam a 1957 sannan Amurka ta farga ta sabunta littattafan kimiyya. Tennessee ta soke dokarta a 1967. A 1968 Kotun Ƙoli ta ƙasa, a ƙarar da wata malama mai suna Susan Epperson ta shigar, ta rushe dokar Arkansas. A 1987 ta rushe dokar Louisiana da ta wajabta koyar da labarin halitta a matsayin kimiyya kafaɗa da kafaɗa da ra'in Darwin, sannan a 2005 wata kotun tarayya ta yi irin wannan hukunci game da makarantun garin Dover na Pennsylvania. Dalilin kotunan a duk ukun ɗaya ne, wato tsarin mulkin ƙasar ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini a makarantunta, sharaɗin da ba kowace ƙasa ke da irinsa ba. A cikin waɗannan shekaru tutar da Bryan ya ɗaga ta sauya hannu. Ta bar jam'iyyarsa ta koma ga masu ra'ayin riƙau na jam'iyyar Republican, har Ronald Reagan ya nuna shakkarsa a kan ra'in lokacin yaƙin zaɓen 1980. Sun gaji rabin Bryan ne kawai, domin yawancinsu ba su tare da shi a kan harajin masu kuɗi da taka wa manyan kamfanoni birki.

Magoya bayansa sun kafa kwaleji da sunansa a Dayton a 1930. Wasan kwaikwayon da aka gina a kan shari'ar a 1955, da fim ɗinsa na 1960, su ne suka dasa hotonsa a zukatan mutane a matsayin tsoho mai taurin kai, aka manta da mai jawabin 1896. A harabar kotun Dayton an kafa mutum-mutuminsa a 2005, na Darrow kuma a 2017. Shi kuwa John Scopes, bayan shari'ar an yi masa tayin ya koma ajinsa, ya ƙi. Ya tafi Jami'ar Chicago ya karanci ilmin duwatsu da ma'adinai, ya yi aikin neman man fetur a ƙasar Venezuela, daga baya ya koma aikin iskar gas a Louisiana, inda ya rasu a 1970.